Barkar da Na Yi wa Mijin Hajo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa mutum barka a kan ciwon ƙodar matarsa ba. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a wani asibiti a Yauri aka kawo mana Bitrus, ɗan Ngaski, sabon ma'aikacin ɗakin gwaji. Cikin wata uku, komai ya taso likita sai ya ce, "A tambayi Bitrus." Har masu shara sun fara ce masa Dokta. Ni kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa (kuma bai taɓa yi min komai ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan).

Ana nan aka kwantar da Hajo, matar wani masunci daga Warra. Ƙafafunta sun kumbura, fitsarinta na kumfa. Aka ɗibi jininta aka aika Sakkwato. Ranar da sakamakon ya iso likita na ɗakin tiyata, Bitrus ya fita cin abinci, takarda ta faɗo hannuna. Na ga gwajin garkuwar jiki ne, lambar kuma ta haura sosai. Na ce yau za a san Bitrus ya tarar da manya.

Na kira mijin, na ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji. "Malam Garba, barka! Sojojin jinin matarka sun ninka na kowa. Jikinta da kansa zai kori ciwon."

"Alhamdu lillahi! Mu tahi gida ke nan? In munka yi sauri muna iske jirgin la'asar."

Har Hajo ta fara ɗaure kayanta sai ga Bitrus. Ya karanta takardar, ya matso kusa da ni ya rage murya. "Yaya, waɗannan ba kare ta suke yi ba. Sun ɓata hanya, ƙodarta suke yaƙa. Yawansu alama ce ciwon ya tashi. In ta tafi ba magani, ƙodar na iya tsayawa."

Ashe Malam Garba ya ji. Ya juyo gare ni. "To kai malam, mi kac ce min?"

Kafin in haɗa ƙarya, wata tsohuwa a gadon gefe ta taimaka: "Barka yac ce, da kunnena na ji!"

Na so ƙasa ta tsage. Bitrus kuwa sai cewa ya yi takardar ce mai ruɗarwa, shi ma koya masa aka yi. Bai kuma taɓa gaya wa likita ba (da ya tona ni, da na samu dalilin tsanarsa).

Aka ɗora Hajo kan maganin da ke lafar da garkuwar, kumburin ya saɓe. Duk zuwansu Malam Garba na kawo busasshen kifi, ni kuma yake miƙa wa in kai wa "Dokta".

Ƙyashin bai gama fita ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma yanzu in takarda ta fi ƙarfina, da ƙafata nake zuwa ɗakin gwaji. Kunyar tambaya mutum ɗaya ke gani, ta kuri kuwa har da tsohuwar gadon gefe.