Ranar da Na Kashe Mota a Gangaren Dam da Surukina a Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi yin tsimin mai a gangaren Goronyo ba, kuma ko da ni na so in manta, mutanen Wurno ba su da niyyar taimaka mini.

Ni malamin gona ne. Aikina yawo ne cikin fadamu, daga Wurno zuwa Rabah, wani lokaci har Goronyo, ina duba masu noman rani na albasa da shinkafa. A da ina da wata tsohuwar jip mai faɗin ƙirji, wadda ko ba ka san ni ba, in ka gan ni cikinta sai ka gyara tsayuwa. Sai fetur ya fara hawa, kullum aka wayi gari da sabon farashi. Tun ina dariya har na koma jin faɗuwar gaba duk lokacin da na hango gidan mai. In ina tuƙi rabin idona yana kan hanya, rabi yana kan allurar mai, ita kuwa sai sauka take yi ina kallo. Daga ƙarshe na jingine jip ɗin ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar gida, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Ba ni kaɗai ba ne. Duk inda ka bi a lokacin, manyan motoci ne jere bakin titi da galan a bisa rufi, alamar na sayarwa ne, babu mai ko tayawa. Ƙananan motoci kuwa, waɗanda a da muke kira akwatin ashana, sun zama gwal. Dillalan Sakkwato suna cewa tun kafin a sauke su daga tirela an saye. Alhazan da ba sa shiga mota sai mai tsani, sai ga su suna naɗe babbar riga suna cusa kai cikin 'yar ƙaramar mota. Na sayar da jip ɗina a wulaƙance (wanda ya saya ma sai da ya nuna mini taimakona yake yi), na haɗa da abin da nake da shi, na samo wata 'yar ja mai ƙofa biyu, wadda ta sha duniya a ƙasar waje kafin ta zo hannuna. Aibinta ɗaya ne: ramin makullinta ya cinye, makullin yana rawa a ciki.

Daga nan na zama mai wa'azin tsimin mai. Na daina kunna esi mai sanyaya mota ko da rana tana narka mutum. Na cire tayar safaya daga but ɗin mota don rage nauyi. A majalisa ba a gama shan shayi ban kawo maganar yadda motata ke sansanar mai kawai ba. Sannan na ɗauko wata dabara da na gani wurin direbobin haya: in an zo gangara sai a mayar da giyar mota firi, a kashe inji, a bar mota ta gangara da kanta. Na gwada a ƙananan gangarori, ban ga komai ba, sai na ɗauka ni ma na ƙware.

To, akwai mutum ɗaya da nake tsoro fiye da gidan mai, wato surukina, mahaifin maiɗakina, wanda kowa ke kira Baba Malam. Limamin unguwa ne, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ne ma abin tsoron. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na je gaisuwa daga bakin zaure nake durƙusawa.

Wata Asabar aka yi ɗaurin aure a wani ƙauye kusa da dam ɗin Goronyo. Motar da ta saba ɗaukar Baba Malam babba ce, mai ita ya ce ba shi da man zuwa Goronyo ya dawo. Sai maiɗakina ta ce ai ga tawa da ba ta shan mai. (Wannan shi ne ladan wa'azina.) Aka haɗa ni da shi, da ƙanwarsa Goggo, mace mai jiki, wadda sai da na kwantar da kujerar gaba, ta yi bisimilla sau da yawa, kafin ta shige baya. Baba Malam ya zauna kusa da ni, babbar rigarsa fara ta baje ta rufe duk abin da ke tsakaninmu.

Zuwa lafiya lau. Aka ɗaura aure, aka yi azahar, aka ba Goggo kwano cike da masa ta ɗora a cinya. Da muka tashi dawowa allurar mai ta kusa taɓa jan layi, sai na ce bari in yanke ta hanyar ƙasa da ke saukowa daga tudun gefen dam, ta bi bakin babban kanal, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Na san hanyar, aikina ne. Gangara ce doguwa, a ƙarshenta akwai kwana zuwa hagu. Wanda bai sha kwanar ba, ruwa ne gabansa, kuma a makon an saki ruwa don masu dashe, kanal ya cika har baki.

Da muka hau kan tudun na ga gangarar ta miƙe, sai zuciya ta ce mini wannan asara ce a ƙona mai a kanta. Na mayar da giya firi, na murɗa makulli. Motar ta yi tsit.

"Malamin gona, mi ya samu motar taka? Na ji ta yi shiru," in ji Baba Malam.

"Allah shi gafarta Malam, hutawa taka yi. Gangara ba ta son mai."

Ina faɗa ina jin daɗin kaina. Ban lura ba ashe na murɗa ya wuce ƙa'ida. Muka faɗa wani rami, motar ta yi tsalle, makullin ya fito daga raminsa ya faɗa ƙasa tsakanin ƙafafuna. Na ɗan juya sitiyari don in kauce wa rami na gaba, sai na ji ƙas. Ya kulle.

Na jijjiga sitiyarin, ko motsi. Na taka birki, ya ɗan kama, na sake takawa, ya kama kaɗan, a na gaba sai na ji kamar dutse nake takawa. (Daga baya bakanike ya gaya mini birkin irin waɗannan motoci da ƙarfin inji yake aiki. Da ma wani ya gaya mini tun a majalisa, amma wa na bari ya yi magana?) Motar kuwa sai ƙara gudu take, ba ƙara ba hayaniya, sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya. Na sunkuya ina laluben makulli da hannu ɗaya, na kamo takalmina, na kamo ɓawon gyaɗa, ban kamo shi ba. Da na ɗago sai na hango ruwan yana walƙiya a ƙasa, yana matsowa.

Daga baya Goggo ta ce, "Wancan ba ruwa na ba?"

Abin da ya zo mini a rai ba mutuwata ba ce. Goggo na tuna, da ke baya inda babu ƙofa, da yadda muka sha wahala kafin ta shiga. Na tuna ban iya iyo ba. Na ga kaina, in ma na tsira, tsaye gaban maiɗakina ina gaya mata na kashe mahaifinta da goggonta saboda man da bai cika kofin shayi ba. Baba Malam ya fara salati a hankali, da muryar da yake jan sallar asuba, wannan ya ƙara tabbatar mini mun gama.

Sai na tuna da birkin hannu. Yana nan tsakanin kujeru, ƙarƙashin babbar rigar Malam. Na rufe ido, na cusa hannu, na kama abu mai tauri, na ja da iyakar ƙarfina, ina kiran Innata da murya irin wadda ban yi ba tun ina goye. Motar ba ta rage gudu ba. Na ƙara ja. Muka wuce kwanar a miƙe, muka tsallake ɗan tudun bakin kanal, gaban motar ya nutse cikin ruwa, gilashi ya yi duhu.

Allah ya yi da sauran kwananmu. Inda muka faɗa wurin da shanu ke sauka shan ruwa ne, laka ta taru a gefen, ita ta riƙe tayoyin gaba. Da mun gota kaɗan wajen ƙofar ruwa, inda yake da zurfi, da ba ni ke ba da wannan labari ba. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, ya haura idon sawu, ya kai kujera, ya tsaya. Masar Goggo ta tashi tana yawo a cikin mota. Ni kuwa har lokacin idona a rufe, ina ja, ina kiran Inna.

"Malamin gona," in ji Baba Malam, "sakam min ƙafa. Mun iso."

Na buɗe ido. Gwiwar surukina ce a hannuna. Na ɗago ta har ta kusa taɓa gemunsa. Birkin hannu yana can kwance ko taɓa shi ban yi ba.

Kafin in san inda zan sa fuskata, manoman da ke dashe a gonakin kusa sun iso a guje. Mutanena ne, waɗanda nake tsayawa gabansu da hula a karkace ina koya musu yadda ake tattalin ruwa da taki. Suka fito da Baba Malam, rigarsa ta koma launin laka. Fitar da Goggo ta ɗauki lokaci, tana fitowa kuwa ta gaya musu komai, har da kiran Inna, har da kwaikwayon muryata. Babu wanda ya yi dariya saboda Malam na tsaye, sai dai na ga kafaɗu suna rawa. Aka kawo shanun huɗa aka ɗaura wa motar igiya aka jawo ta. Ruwa na zuba daga ƙofofinta wani ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "In ta bushe, za ka saida ta? Na daɗe ina biɗar irin wagga, an ce ba su shan mai."

A bayan motar albasa muka koma Wurno. Da muka rabu na ga Baba Malam yana ɗingishi kaɗan. Maiɗakina ta yi kuka da ta ji, sannan da aka zo wajen gwiwa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ina jin dariyar da take yi a ciki.

Washegari na ja ƙafa na tafi gaisuwa, na durƙusa nesa da inda na saba. Ya amsa, ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi jikin motar. Na ce tana wurin bakanike ana shanya ta. Sannan ya ce akwai ta'aziyya da zai je Rabah in ta warke, in zo in kai shi.

"Amma ka bar ta ta yi ta kukanta har mu isa," in ji shi. "Na saurari shirunta, bai yi min ba."

Na kai shi Rabah da inji a kunne, shi kuma ya tattare rigarsa tsaf ya matsa jikin ƙofa. Fetur dai bai sauko ba, ni ma ban daina tsimi ba, sai dai yanzu na san in tsimin ya kai ga kashe mota tana tafiya, tanki kawai ake ceto, ba mutanen ciki ba. Kuma duk tsananin ruɗewa, mutum ya buɗe ido ya duba abin da ya kama kafin ya ja.