Shafi Goma Sha Ɗaya Bayan Rasuwata

"Mama, ba ni na kashe ki ba," in ji shi. "Na'ura ce."

Na ce, "To a kira min na'urar mu gaisa. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya kashe ni ido da ido ba."

A ofishin Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Dattawa ake wannan, a Sabon Gari, ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi. Ina tsaye da ƙafafuna biyu, da mayafina, da guntun goro a kumatu, bawan Allah yana nuna min takarda mai hatimi wai ni Zubaidatu ta Samaru na riga mu gidan gaskiya tun Larabar makon jiya. A gefena ga ƙawata Bibiana, matar marigayi Saja Felix, tana riƙe da bakin zanena saboda idonta ya yi yana. Ita ma ta rasu. Rana ɗaya muka tafi, ni lamba arba'in da ɗaya, ita arba'in da biyu.

Bari in koma baya kaɗan, don na san wasunku yanzu suka shigo zancen.

'Yata Naila ta haihu, ta dawo gida wankan jego. Wanda bai taɓa riƙe mai jego ba ya yi shiru. Tun asuba nake hura wuta a ƙarƙashin tukunyar da za ta iya dafa ɗan maraƙi, in yanko ganyen darbejiya, in yi mata wanka tana ihu kamar ba ni na haife ta ba, in dama kunun kanwa, in wanke jariri, in tarbi 'yan barka. Da yamma a sake daga farko. Ga masarar gonarmu ta Bomo ta iso tsakar gida tana jiran sussuka. In na zauna, wani zai ce "Iya, ina ludayi?" In na shiga bayi, sai a biyo ni da tambaya ta ƙofa.

A cikin wannan hali littafi ya same ni. Wata ɗaliba ce ta tashi daga ɗakin haya a gidan ƙanena, ta bar shi ba bango, ba suna. A hannun matar ƙanen na ƙwace shi, ta riga ta yage shafin farko ta naɗe ƙosai. Ni aji huɗu na tsaya, sauran na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci da furfurata, don haka karatuna da yatsa nake yi, baki yana motsi. Amma ina yi. Labarin wata mata ce da 'yar'uwarta ta hau jirgin ƙasa ta yi Kudu, shekara talatin ba labari, sai ga wasiƙa wai tana dawowa. Ita ce, ko wata ce ta ari sunanta? Kwana tara littafin yana ƙarƙashin tabarmata, shafi biyu na ci.

Akwai wani ɗakin karatu a unguwarmu, kada ku ce ban faɗa ba. Sau uku aka buɗe shi, manya daban-daban, kowa da almakashinsa. Yanzu kujerun roba na haya ake ajiyewa a ciki. Allah ya saka wa waɗanda suka gina, kujerun ba sa jiƙewa.

Sai Allah ya dube ni da idon rahama, ya sa manyanmu suka ƙirƙiro Katin Dattawa. Wai duk wanda ya haura sittin za a ba shi magani kyauta, har da tabarau, amma sai ya zo da kansa an tabbatar yana numfashi. Naila da kanta ta ce, "Iya, ki je, maƙwabciya ta taya ni." Na hau bas, na wuce Kwangila, na sauka Sabon Gari, na tarar da tsofaffi kusan ɗari biyu a gindin mangwaro. Aka ce mai ɗaukar hoto bai zo ba. Washegari ya zo, ba mai a janareta. Da aka samo mai, wanda ke riƙe da makullin ɗakin janareta ya tafi ta'aziyya.

Jama'a suna ta tsaki. Ni kuwa na shimfiɗa ɗankwali a kan dutse, na zaro littafina. Ba mai neman ludayi. Ba mai kuka sai wani tsoho da ƙafarsa ta kumbura, shi ma a hankali yake yi. Wallahi rabon da in samu hutu irin wannan tun ina jegon Naila ɗin.

A nan na gamu da Bibiana. Shekara ashirin rumfunanmu suna jere a kasuwar Sabon Gari, ni daddawa, ita busasshen kifi, babu auren da aka ɗaura ko aka kashe daga Muchia zuwa Basawa da ba mu yi masa shari'a ba. Da muryata ta gane ni.

"Zubai, ke da wa kike ƙus-ƙus?"

"Karatu nake."

"To ɗaga murya mana. Ni idon ya tafi, kunnen ne ya rage, shi ma ba abin da ake zuba masa sai wa'azin jikoki."

Na koma farko saboda ita. Kwana uku, sai ga wani tsohon malamin firamare ya jawo bencinsa, wai inuwa yake bi. Ƙarya yake, rana ce a wajenmu. Kafin mako ya zagayo mun kai mu goma sha bakwai. Malamin yana gyara min kalmomi masu wuya, Bibiana tana zagin mijin matar littafin kamar surukinta ne. Mako uku muka yi a haka. Kullum in koma gida ina ɗingishi da gangan, Naila ta ce, "Sannu Iya, gwamnati ba ta da tausayi." In ce, "Bari kawai, 'yar nan."

Ranar Larabar da ake magana, abin da ba a taɓa tsammani ba ya faru: mai hoto, da mai, da makulli suka haɗu rana ɗaya. Aka fara kiran suna. Mu kuwa a daidai lokacin matar littafin tana tsaye a tasha, jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Ku gaya min, wa zai ji sunansa? An ce sau uku aka kira kowannenmu. Na'urar tasu kuma, Allah ya ƙara mata basira, gida biyu kawai gare ta: mai rai da marigayi. Wanda bai amsa ba, an san gidansa.

Ran Litinin saƙo ya shigo wayar surukina Ridwan, Kwamiti yana yi wa iyalai ta'aziyya. Shi kuma yana wajen aiki, bai kira gida ba, sai ya kira 'yan'uwa. Kafin azahar gida ya cika. Ni ba na son gulma, amma matar maƙwabcinmu Zailani, wadda rabon da ta amsa gaisuwata tun rigimar kazarta, ita ta fi kowa kuka, tana cewa ni uwa ce a gare ta. Ta ɗago ta gan ni da muciya a hannu. Ta share hawaye, ta gyara mayafi, ta ci gaba da gabarta daga inda ta tsaya.

Mutuwar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, layi ya ƙare, ba ni da sauran dalilin fita. Saura shafi goma sha ɗaya. Ga shi Bibiana ta aiko cewa ɗanta Albert zai zo ran Asabar ya tafi da ita Fatakwal gaba ɗaya, tunda ba ta iya zama ita kaɗai. Ni da ita mun san wannan tafiyar ba irin ta jirgin littafi ba ce, babu dawowa. Don haka na ce wa Naila dole in je a tashe ni ran Juma'a, kafin a raba gadona. Na biya Muchia na ɗauko Bibiana, da niyyar mu koma gindin mangwaronmu. Muka tarar an kafa rumfa a wurin, da lasifika, ana shirin walimar taya Shugaba murna. Ashe lambar yabo aka ba shi, saboda ya bankaɗo tsofaffin bogi goma sha bakwai a rana ɗaya.

Shi ya sa muka shiga ciki. Yanzu kun iso inda muka fara.

Ofis ne, ba wasa ba. Fanka tana juyawa, ga na'urar sanyi tana taya ta, ga kujeru masu laushi da in ka zauna sai an jawo ka. Bayan Yallabai akwai kabad cike da littattafai masu ruwan zinariya a gadon baya, kowanne da ledarsa ba a ɓare ba. Launinsu ya dace da labule sosai. A kusurwa sakatariyarsa ce, Busola, haifaffiyar Sabon Gari, tana buga wani abu ba ta ɗago ba.

"Abin mai sauƙi ne, Mama," in ji Shugaba. "Ki kawo takardar shaidar rasuwarki, sai mu soke ta."

"Wa zai ba ni, ranka ya daɗe?"

"Asibitin da kika rasu."

"A gindin mangwaronka na rasu."

"To ki kawo shaidu biyu masu rai."

Na nuna Bibiana. Ya duba takarda, ya ce marigayiya ba ta yi wa marigayiya shaida. Na ce to ga Busola. Ya ce dole shaidan ya zama mai riƙe da Katin Dattawa. Na ce su waye suka karɓi katin? Ya ce ba a buga ba tukuna, ana jiran a gama tantancewa.

Bibiana ta saki zanena. "Oga, ni ban damu da katinku ba. Tabarau ba zai yi min komai ba yanzu. Amma ka duba ni da kyau, ka taɓa ganin gawa da ciwon gwiwa?"

Ya ce shi bai musa muna gabansa ba, amma in ya tashe mu biyu, sauran sha biyar za su zo, kuma an riga an buga sunansa a jikin lambar yabo. A gaskiya na tausaya masa. Yaro ne, bai fi hamsin ba, ga sabuwar shadda ya ɗinka.

Na dubi agogon bango. Sha ɗaya da kwata. Ƙarfe ɗaya za su rufe don masallaci, ni kuma ruwan wankan yamma yana jirana. Da irin karatuna, shafi goma sha ɗaya sa'a ɗaya da rabi ne in ba a katse ni ba.

Na ce, "Yallabai, a dokarku akwai inda aka ce a kori mamaci daga ofis?"

Ya dubi Busola. Ta ce ba ta taɓa gani ba.

"Akwai inda aka hana shi zama?"

Na zaunar da Bibiana a kujera mai laushi, na zauna a ɗayar, na kwance bakin zane na fito da littafi. Na lashi yatsa.

"Mama, nan ofis ne. Ba wurin tatsuniya ba ne."

"Ai na ga kai ma ma'abocin karatu ne," na ce, ina nuna kabad.

Ya gyara hula. Ya ce shi rabonsa da ya zauna ya karanta littafi tun yana ɗalibi, hidimar al'umma ba ta bar masa lokaci ba.

Na ce, "Laifinka ne, ɗana, da ba ka bin layi. Ka gwada wanda ka kafa mana, kafin a zo kanka ka sauke uku daga cikin waɗannan."

Na fara. Wata mata ta sauko daga jirgi da akwatin ƙarfe, ta tsaya tana dube-dube. Shugaba ya ce zai kira mai gadi. Na ci gaba. Ya buga tebur, ya ce Busola ta fita ta kira shi yanzu-yanzu. Busola ba ta motsa ba. Sai a lokacin na lura ta daina buga na'urarta, kuma na tuna tagar da ke bayanta ita ce ke kallon gindin mangwaro, wadda kullum take a buɗe duk da sanyin da ke ciki.

"Busola, da ke nake."

"Yallabai, ka yi haƙuri," ta ce. "Mako uku nake bin labarin nan. Ina so in ji ko 'yar'uwar ce."

"Ita ce mana," in ji Bibiana. "Ba ki ji yadda ta riƙe akwatin ba?"

"Mama, ni fa ban yarda da ita ba. Me ya sa ba ta tambayi kabarin uwarsu ba?" in ji Busola.

Shugaba ya dubi sakatariyarsa, ya dubi gawa biyu a kujerun baƙinsa. A waje lasifika ta fara kiran sunansa da kirari. Ya tattara babbar riga, ya ɗauki wayoyinsa uku, ya ce in ya dawo kada ya tarar da kowa, mai rai ko akasin haka. Ya fita ya bugo ƙofa da ƙarfin da ya sa littafi ɗaya ya faɗo daga kabad, bai ji ciwo ba, yana cikin ledarsa.

Busola ta tashi ta murza makulli, ta jawo kujerarta kusa. Bibiana ta lalubo hannuna ta riƙe, ba ta sake shi ba har shafin ƙarshe.

Ko 'yar'uwar ce ko ba ita ba ce, ba za ku ji a bakina ba. Mamaci ba ya gulma. Wanda ya matsu ya sani, an ce wata mai zuwa za a fara tantance waɗanda aka tantance, ya zo da bencinsa.