Jakar Kaka a Layin Gwajin Jini

"Yaya gajiyar zama, amaryata? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau nake, sai da na ji muryarka."

Ni ce mai ɗibar jini a ɗakin gwaji, kuma tsohuwar nan ta kai ni bango. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, likita ya ce ba zai yi mata aiki ba sai an auna suganta da safe, ciki babu komai. Sau biyu tana zuwa mini baki na ƙamshin gyaɗa, sau biyu ana ɗaga aikin. Ranar nan jikanta ne ya biyo ta, wani zabgegen kuku da ke aiki a jirgin ruwa. Ƙofata a buɗe take, ina jin su daga benci.

"Me hannunki ke lalube a jaka?" in ji shi.

"Carbi."

"Carbi mai ƙarar leda?"

"Ɗan biskit ne, ɗan sa ido kawai! Abinci aka hana ni. Ka taɓa ganin an ɗora tukunya saboda biskit?"

"Shi cikin naki an sanar da shi haka?"

"Yo ba kai ka dawo kana cika mana kunne ba? Ka ce akwai ƙasar da ƙarfe huɗu na bugawa kowa zai ajiye aiki, har alƙali, a sha shayi da ɗan burodi kamar kunnen ɓera. Ka ce wasu da hantsi suke zama da kofi da kek, wanda ya ƙi zama a ce ba shi da tarbiyya."

"Na faɗa."

"Ka ce wasu ciyawar teku suke busarwa suna ƙurmusa kamar awaki. Su ba wanda ya tsare su, sai ni da biskit biyu da dabino uku?"

"Su sau ɗaya suke yi a rana, Kaka. Ke kuwa in an bar ki, tun asuba injinki ke niƙa. Ƙarti talatin nake ciyarwa a tsakiyar teku, ban ga irinki ba. Da a jirginmu kike, da guzurin wata uku ya ƙare ba mu bar gaɓa ba."

"Ji mai magana! Tumbinka ya riga ka shigowa da minti biyu. Ni da ba na gani ma sai da na ji asibitin ya yi duhu. Rabin tukunya kake shanyewa ka ce ɗanɗanon gishiri kake. Tir da wannan miji, ba ni takardata!"

"In ba ki, wa zai kwasa? Jiya firji kika yi wa sannu da zuwa, har kina tambayarsa iyali."

"Ya fi ka ladabi. Bai mayar mini da magana ba."

Sai da na toshe baki da auduga a hannuna don kar dariya ta kuɓuce mini. Can na ji ya sassauta murya.

"Kaka, ki faɗa mini gaskiya. Ke da kike azumin nafila ko ƙorafi babu, awa biyu ne za su gagare ki? Sai ranar gwaji kike cika jaka."

Ledar ta daina ƙara.

"Wuƙa fa za su sa mini a ido, Kuku. Kuma ina farke."

Wallahi kunya ta kama ni. Wata guda ina kiranta mai taurin kai a zuciyata, ashe tsoro ne ke cin baiwar Allah.

"Jirginmu ranar Asabar zai tashi," in ji shi, "kuma wata tara zan yi. In aka ɗebi jinin yau, jibi ni zan riƙe miki hannu har a gama. In kika ci biskit ɗin nan, sai wata mai zuwa, ki shiga ke kaɗai."

"Hannun naka mai warin albasa?"

"Shi ɗin dai."

Ta lalubo jakar ta dangwara masa a cinya.

"Ungo, mayunwaci. Ci biskit ɗin. Ka taɓa mini dabino ka ga yadda makauniya ke mari."

Ya fashe da dariya, ya kama ta ta miƙe. Tun daga bakin ƙofa ta miƙo mini hannu, ta kau da kai.

"Ina mai allurar nan marar fara'a? Ɗebi da sauri, 'yata, kafin in canza shawara. So nake in ga munin mijin nan da idona kafin teku ta sake ɗauke shi."