Akuyata Ta Cinye Takardar Kwamiti

Jama'a, ku taya ni jin wannan. Ranar Litinin ɗin nan akuyata ta cinye takardar gwamnati. Ba a ɓoye ba, a gaban akawu, a tsakiyar ofis, har da hatimin da ke jiki. Ni dai ban ga laifinta ba. Tun safe muke yawo da takardar nan daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma duk faɗin ginin ita kaɗai ce ta karɓe ta ta yi wani abu da ita.

Bari in faro muku daga tushe, don na san Matar Tela ta riga ta baza nata labarin, ita kuwa in ta ɗauko zance sai ta ɗinka masa hannu da aljihu.

Muna da rijiya a bakin layinmu. A bayanta akwai mayanka, kuma lambatun da ke kwashe ruwan wankin kayan ciki ta gefen rijiyar ya bi ya wuce. Tun damina ruwan ya canza. In ka ɗebo ka ajiye sai ka ga wani abu ya kwanta a gindin bokiti, ga ɗan wari kamar na tsumman da aka manta a jiƙe. Kajina shida suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya. Akuyata ta yi ɓari. Sai kuma Malam, tsohon da nake fama da shi shekara arba'in da bakwai, ya kwanta da amai da gudawa. Sau biyu ana kwantar da shi a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa.

A na biyun likitar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta ja ni gefe ta ce, "Iya, jikin Baba ba irin na da ba ne. In ya koma wa ruwan nan ya sake kwanciya, ban yi miki alkawarin zai tashi ba."

Na dawo gida na shiga tafasa ruwa. To amma ku ba ku san Malam ba. A gindin bishiyar da ke jikin rijiyar yake wuni da abokan hirarsa, da kofinsa na silba a aljihu, duk wanda ya ja guga sai ya miƙa.

Na ce, "Malam, so kake ka bar ni da takaba da tsufana?"

Ya ce, "Ruwan da nake sha tun ba a haifi uwar likitar taki ba? Tafasasshen ruwa ai na marasa lafiya ne."

"To ai kai ne marar lafiyar."

"Ni? Sanyi ne ya ɗan taɓa ni."

Ana cikin haka na ji a rediyo wai masu girma sun yi wani babban nazari, sun gano lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli duk a haɗe suke. Tubarkalla! Kakata da ba ta taɓa riƙe fensir ba, in kaza ta mutu a tsakar gida randa take fara leƙawa. Amma ina ita ina su, su da suka kwana biyar a otal kafin su gano? Aka ce an haɗa ofisoshi uku a gini ɗaya, an yi kwamiti, an raba riguna da huluna. Mai rediyon ya ce daga yau talaka ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa.

Na ce shi ke nan, tawa ta yi kyau. Na cika kwalba da ruwan rijiya, na ɗauko katin asibitin Malam, na ja akuyata a matsayin shaida, muka shiga motar haya direba yana ta tsaki.

Ginin kam ya yi kyau, ba zan ci amana ba. Allo ɗaya ƙato a sama, an zana mutum da saniya da bishiya sun kewaye juna kamar 'yan uwa ɗaya. A ƙarƙashin allon kuwa ƙofa uku, kowacce da nata kwaɗon.

Akawun da ke bakin shiga ya miƙo min takarda. Akwai akwati uku a jiki: mutum, dabba, muhalli.

Ya ce, "Iya, ɗaya za ki zaɓa."

Na ce, "Ɗan nan, duka ukun ne. Ga na mijina, ga akuya, ga ruwa."

"Na'urar ba ta karɓar uku."

"To wane ne ya haɗa ku?"

"A sama aka haɗa mu, Iya. A takarda ba a riga an haɗa ba."

Na zaɓi mutum, don ko ba komai Malam ya girmi akuya. A ƙofar farko suka duba katin suka ce ai an sallame shi, ya warke, ruwa kuma ba nasu ba ne, in je ƙofa ta uku, ta muhalli. A ta uku suka ɗaga kwalbar a hasken taga, wani ya shinshina ya yamutsa fuska, ya ce wannan daga mayanka ne, mayanka kuwa harkar dabbobi ce, in koma ta biyu. A ta biyu suka yaba wa akuyata sosai, suka buɗe bakinta suka duba haƙora, sannan suka ce su dabba mai rai suke dubawa, wadda aka yanka ta zama abinci, abinci kuma na mutane ne, in koma ta farko.

Na dawo gaban akawu na zauna a benci ina mayar da numfashi, takardar a hannuna. Kafin in ankara na ji ana ja. Akuyar ce! Ta fara da muhalli, ta haɗa da dabba, ta ƙarasa da mutum. Duka ukun a ciki ɗaya, yadda mai rediyo ya faɗa.

Akawu ya dafe kai. "Iya, wannan fa kayan hukuma ne!"

Na ce, "Ka rubuta an karɓa, ana aiki a kai."

Ina fitowa na ci karo da mai sharar ginin, ashe ƙawar ƙanwata ce. Ni kuwa in na ga idon sani ba na wucewa hannu sake. Muka raɓe a bayan tankin ruwa ta zayyana min komai. Wai manyan uku ne: Mai Girma na Mutane, Mai Girma na Dabbobi, da Mai Girma na Shara da Lambatu. Ba a taɓa wata rijiya sai su ukun sun sa hannu a zama ɗaya. Su kuwa tun ranar raba huluna ba su sake zama tare ba.

Na ce, "Faɗa suka yi?"

Ta ce, "Ina fa! Kujerar tsakiya ce. Teburin kujera uku gare shi, kowa ya ce shi ne na tsakiya. Yanzu duk wanda ya ji ɗayan ya shigo sai ya ce motarsa ba mai. Ni nake goge kujerar kullum, har yau ledarta ba a cire ba."

Na dawo gida ina lissafi. Aji uku na yi a makaranta, ban san yadda ake kiran taro ba. Amma na san yadda magana take tafiya.

Washegari na je wurin Mai Kitso, duk da ɗan abin da ya rage a kaina bai kai a zauna dominsa ba. Ita ce take yi wa matar Mai Girma na Dabbobi kitso. Na ce mata, "Ke kaɗai zan gaya wa, kar ya fita. Ranar Alhamis Mai Girma na Mutane zai zo rijiyarmu da masu ɗaukar hoto. An ce wanda aka fara gani a wurin shi za a ba tsakiya." Ta rantse ba mai ji. Na san kafin la'asar ya isa.

Matar Tela kuma mijinta ne ke ɗinka wa Mai Girma na Mutane manyan riguna, sai na juya mata sunan, na ce na Shara ne zai zo. Shi kuwa na Shara direbansa yana sayen nama a mayankarmu, na raɗa wa Babban Mahauci cewa na Dabbobi ne zai zo, na bar masa sauran. Allah Ya yafe min, ƙarya uku a wuni ɗaya. Amma ku lura, zuwa Alhamis duk sun zama gaskiya.

Ranar Alhamis ƙarfe goma sai ga jiniya. Mota ta farko ba ta gama tsayawa ba ta biyu ta shawo kwana, ta uku ta biyo ta bayan mayanka don ta riga su, ta kafe a cikin lambatun da muke kuka da shi. Ashe akwai mai a gari! Suka fito suna gyara hula, kowa ya ga kowa, aka yi musabaha da murmushin da bai wuce haƙora ba. Mai ɗaukar hoto kuwa Matar Tela ce da wayarta mai tsagaggen gilashi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙananan ma'aikatan da suka biyo su. Wata mai gwajin ruwa, wani likitan dabbobi, da wani duba-gari mai takalmin roba. Ashe sun san juna, har suna tambayar iyali. Ba wanda ya ce musu komai suka naɗe hannun riga. Ita ta ɗebi ruwa a 'yan kwalabe, likitan ya shiga mayanka, duba-garin ya bi lambatu da sanda yana caccaka. Kafin manya su gama shawarar wanda zai tsaya a ina, ya ɗaga murya ya ce ga inda ya fashe, taku huɗu daga rijiya. Mai gwajin ta ce da ni a hankali, "Iya, wata uku ke nan da rubuta rahoton nan. Hannu uku yake jira."

Malam duk yana zaune a gindin bishiyarsa yana kallo. Shi mutum ne mai son a fita kunyar baƙo. Ya tashi da kyar, ya ja guga da kansa, ya cika kofin silbar nan har baki, ya nufi manya.

"Ranku ya daɗe, kun sha rana. Ga ruwa."

Mai Girma na Mutane ya leƙa kofin ya ce wallahi yanzu ya sha a mota, a ba ɗan'uwansa. Na Dabbobi ya ce likita ya hana shi ruwan sanyi. Na Shara ya shinshina, ya ja da baya har ya taka igiyar akuyata. A wannan karon ba wanda ya nemi ya riga wani.

Malam ya tsaya da kofi a hannu yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ni shekara arba'in da bakwai ina magana, likita ta yi, bai ji ba. Ya dubi ruwan, ya sake dubansu, sai ya juya kofin ya tuttular a ƙasa.

Ya ce da ni, "Ke, akwai sauran tafasasshen nan naki?"

Na ce, "Na marasa lafiya?"

"Kawo dai."

A kan bonet ɗin mota suka sa hannu, su ukun, a tsaye, don ba kujera balle a yi rigimar tsakiya. Aka rufe rijiyar da marfi da kwaɗo, jiya aka fara fasa lambatun, an kuma ajiye mana tankin ruwa kafin a gama. Hoton ma an ɗauka. Da suka fara 'yar turereniya sai na shige tsakaninsu da akuyata, kowa ya samu gefe, aka rabu lafiya.

Yau da safe na ji mai rediyo yana cewa kwamiti ya yi nasarar farko saboda kyakkyawan tsari da haɗin kai. Haka ne, Allah Ya ƙara wa masu girma basira. Ba a ambaci Mai Kitso ba, ba a ambaci Babban Mahauci ba, ni ma ban nema ba. Malam yana nan a tsakar gida da kofinsa yana mitar ruwana ba shi da ɗanɗano, kuma wannan mitar ta fi min duk wata lambar yabo.

Akawu dai ya aiko wai in mayar da takardarsu don a rufe fayil. Na ce a gaya masa ta riga ta fito tun ranar Talata, tana bayan gida, kuma a yadda take yanzu ina ganin ta ƙofa ta uku ce.