Uban Zamani Ya Tafi Hutu

Duk wanda ya taɓa hawa benen kamfanin nan na kayan gini ya san Allah ya yi wa wurin baiwa da mutum guda: Shugaban Sashen Daidaita Ayyuka, wanda ma'aikata ke kira Uban Zamani idan ya ba da baya. Babu takardar da ke barin sito zuwa ofishin akanta sai ta kwana a teburinsa, ta sha hatimi, ta huta gajiya. Shi da bakinsa yake cewa ba don shi ba da tuni kamfanin ya zama kango, kuma wa ya fi shi sani?

Wata rana ya dawo daga taron bita da sabuwar jaka da sabon tari irin na manya. Ya tara kowa.

"Na zo muku da zamani," in ji shi. "Daga yau kowa zai sa manhajar hirar aiki a wayarsa. Ba na son in ƙara ganin ɗan Adam yana zirga-zirga da takarda. Wanda abin ya fi ƙarfin kansa, ƙofata a buɗe take, bayan ya nemi izini wurin sakatariya."

Zauren farko da ya buɗe a manhajar na jawabansa ne, da hotonsa a sama ya dafe haɓa. Kullum da safe sai ya saki saƙon murya mai tsawon tafiyar ƙafa, kan hangen nesa da kishin aiki. Ma'aikata suna buɗewa, su kife wayar a kan tebur, su tafi shan shayi.

Su kuwa can ƙasa abin ya karɓe su. Direba ya ɗauki hoton lodin siminti ya tura, mai sito ya tabbatar, akanta ya amsa, mota ta tashi. Teburin Uban Zamani ya fara ramewa, har ya wayi gari babu komai a kai sai ƙusar haɗa takarda. Ya dubi wannan fili, ya yi murmushi. "Babban shugaba," ya gaya wa sakatariya, "da tsabtar tebur ake gane shi."

Ana haka kujerar mataimakin shugabar kamfani ta zama babu kowa. Ya ɗinka sabon kwat, ya shiga ya gabatar da kansa. Shugabar ta saurare shi tana duba wayarta, ta ce za a duba. Za a duba? Shi?

"Hutu zan ɗauka, in kashe waya," ya ce wa matarsa. "Su ɗanɗana rashina. Za ki ga motar shugabar a ƙofar gidan nan."

"Baban yara, ka tabbata?"

"Ke dai ki share falo."

Aka share falo. Kwanaki suka yi ta wucewa. Yakan laɓe bayan tankin ruwa ya kunna wayar, ya tarar babu kira ko na kuskure, ya kashe. Ya gane nan take: kunya ce ta hana su, suna can suna shawarar wanda zai fara durƙusawa. Matarsa da ta ga ƙato zaune ba aiki sai ta miƙa masa kwandon cefane da ɗauko yara daga makaranta. Ya karɓa da sunan nazarin kasuwa.

Da hutun ya ƙare ya saka kwat ɗin, ya tafi ganin ɓarna. Motoci na shiga suna fita. Babu mai kuka. Ya hau bene a hankali, yana tari a kowace matakala don a shaida. A saman ya yi kiciɓis da shugabar.

"Yauwa, dama kai nake nema," ta ce.

Ya gyara wuyan riga, ya shirya fuskar mai yafiya.

"Tun da ka kawo mana manhajar nan ban ga ka huta ba, kullum kana ƙunshe a ofis. Ka ɗauki hutu mana, ko na wata guda ne. Kada ka damu da mu, za mu lallaɓa. Ka bar wa mai sito makullin ofishinka, fenti ya iso ba mu da wurin ajiya."