Ƙwas-ƙwas a Cikin Kekena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa Baba Hamisu mai gyaran keke jama'a a gindin bedi, wato dogon yaro, ba. Na je ne in tona masa asiri, sai ga shi nawa ne ya tonu.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, fizik nake koyarwa a wani kolej kusa da Safo, ina zaune a Madarumfa tare da Innata. Shekarar da na gaji da jiran mota a bakin hanya na sayo keken tsere na hannu a Maradi: siriri, mara nauyi, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Inna ta zagaya shi sau biyu, ta latsa tayar da yatsa, ta ce, "Wanga tsinken za ka hau kana gogayya da manyan motoci?" Washegari ta miƙo mini laya in rataya. Na zaunar da ita na yi mata bayani na kusan rabin awa, na kawo hujjar addini, na kawo ta boko. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah shi tsare." (Ni a wautata na ɗauka na yi nasara.)

A ranar na kai keken wurin Baba Hamisu ya ɗaure shi ya sa giris, na bar masa shi ya wuni. Tsoho ne da ya yi wa mahaifina gyara tun ban san hannun damana ba. Tun da babura suka cika gari aikinsa ya ja baya, abin da ya rage masa shi ne sunansa: kowa ya san ba a canza wa mutum kaya a rumfarsa.

Duk damina keken shiru yake tafiya. Da kaka ta shigo, iska ta bushe, sai na fara jin wata 'yar ƙara: ƙwas, ƙwas. Ba ta da ƙarfi, amma da zarar kunne ya kama ta, shi ke nan, ba ka ƙara jin komai. A kan kwalta takan yi shiru, in na sauka kan jar hanya ta dawo. In na tsaya na girgiza keken don in nuna wa wani, sai ta ɗauke kamar ta san ana nemanta.

Na ce ai wannan aikina ne. Kullum ina gaya wa ɗalibai a gwada abu ɗaya-ɗaya, kada a yi zato. Na samo littafin rubutu na ja layuka. Na daina taka feda na bar keken ya gangara, ƙarar na nan, ke nan ba sarƙa ba ce. Na ƙara ɗaure birki. Na bi wayoyin taya ina kaɗa su da yatsa ina kasa kunne. Na cire famfo, na cire makullai daga aljihu, har takalmi na canza. Wata rana na hau da ƙafa ba takalmi, mata masu dawowa daga lambun bakin tafki suka tsaya suna kallona.

Da dabarata ta ƙare na koma wurin Baba Hamisu. Ya ɗaga keken ya sake shi ƙasa sau ɗaya, sannan ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a wajenmu, ya ce, "Mushe, bar mini shi, ka tahi ka yi azahar ka dawo."

Na ce a'a, ina so in ga abin da za a yi. Na tsaya a kansa ina nuna masa inda zai duba. Ya kwance boris ɗin tayar gaba, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan na cibiyarta, ya wanke ya mayar. Ƙarar ba ta tafi ba. Na dawo karo na biyu, ya ce in bar shi ya kwana. Na ƙi. Karo na uku ya ce ko shayi in je in sha a tsallaken hanya. Na sake ƙi.

A nan ne kaina ya fara haɗa abin da ba a haɗa ba. Don me tsohon nan yake son ya raba ni da kekena? Sau ɗaya tak na bar masa shi, kuma bayan nan ƙara ta fito. (Watanni huɗu ne tsakani, amma mai zargi ba ya ƙirga wata.) Na yanke hukunci: ya cire kayan asali ya sa mini na banza, yanzu yana neman hanyar rufe ɓarnarsa.

Ranar kasuwa na tura keken har rumfarsa, lokacin da wurin ya cika da masu amalanke da masu kifi. Na ɗaga murya yadda nake yi a aji. Na ce, "Baba, yau a gaban mutane za ka kwance keken nan kaf, mu ga abin da aka canza."

Baba Hamisu ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya dube ni. Ya ce, "Ni kake hwaɗa ma haka, ɗan Salisu?" Sunan mahaifina ke nan. Da ina da hankali da a nan na tsaya, amma na ce in ba shi da abin ɓoyewa ya kwance.

Ya ce, "Akwai abin ɓoyewa. Amma ba nawa ba ne."

Na juya na kalli jama'a, wai su shaida ya amsa da bakinsa. Wasu suka kaɗa kai suka ja jakunansu suka tafi da wannan rabin labarin.

Bai taɓa taya ba, bai taɓa sarƙa ba. Ya kwance ƙusa ɗaya, ya zare sirdi, ya kifa keken ya buga bututun da sirdin ke shiga da tafin hannu. Wani ɗan abu ya faɗo kan ƙasa. Laya ce ta jar fata da ɗan zoben ƙarfe a bakinta, kuma na san ta, don na taɓa yi mata wa'azin rabin awa.

Ya ce, "Innarka ta kawo ranar da ka bar mini keken, ta roƙe ni in sa inda ba za ka gani ba, kuma kada in hwaɗa. Da damina hwatar ta kumbura ta kama bututu. Da kaka ta zo ta bushe, ta sake. Tsumma kawai nike so in naɗa mata. Sau ukku ina neman ka ba ni wuri, kana tsaye bisa kaina kana koya mini aikina."

Wani mai kifi ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Wallahi dariyar ba ta dame ni ba kamar ganin tsohon yana goge layar da gefen rigarsa. Ya riƙe amanar tsohuwata har sai da na kira shi ɓarawo. Na tsuguna na ce, "Baba, ka yi mini gafara." Ya ce ya yafe, amma ya nuna hanya da haɓa. "Waɗancan da suka tahi fa? Su ba su ga layar ba."

Makonni uku na yi ina bin majalisu da tashar amalanke, ina ba da labarin da bakina, duk inda na faɗa a yi mini dariya. Har yanzu ban tabbata na cim ma kowa ba, kuma wannan yana damuna.

Da na koma gida ranar, Inna ta riga ta ji. Ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba ta ce, "Ni dai ban ce a sa ta inda za ta yi surutu ba."

Ra'ayina kan laya bai canza ba. Amma da Baba Hamisu ya naɗe ta da tsumma ya ɗago ya dube ni, ban ce a mayar ba, ban kuma ce kada a mayar ba. Na dai tafi na yi la'asar na dawo. A littafin nan nawa mai layuka na gwada sarƙa, na gwada birki, har takalmi, amma ban ware layi ɗaya na mai keken ba. Yanzu in mai gyara ya ce in je in sha shayi, tafiya nake yi, har in ƙara kofi na biyu.