Yadda Za Ka Ci Mita Ɗaya Daga Bakin Layi Da Izinin Hukuma

Idan ka sayi fili a sabuwar unguwar da aka yanka a hanyar Darki, an ba ka takarda mai cewa ka ja gininka baya mita uku daga bakin layi. Ka auna kuma ka ga garejin da kake buri ba zai samu ba sai ka ci wani abu daga cikin ukun. Kwantar da hankalinka. An gwada matakan nan a kan mutum ɗaya, Malam Sharhabilu, tsohon malamin gona a Wudil, wanda doguwar motarsa ta shekara tara tana shan rana a ƙofar gidan haya, har ya rantse sai ya yi mata ɗaki. Ya bi su, ya sami izini a rubuce. Nasara kenan ɗari bisa ɗari.

1. Kada ka gane kalmar mita

Mita iri uku ce a Hausa: ta awo, ta wutar lantarki, da wadda mutum yake yi idan an ɓata masa rai. Takardar ba ta fayyace wacce take nufi ba. Idan an tambaye ka, ka ce ka ɗauka ta wuta ce, har kana mamakin abin da gida ɗaya zai yi da guda uku. Rashin fahimta ba laifi ba ne, muddin ka riƙe shi da kyau.

2. Zaɓi magini mai ƙaramar ƙafa

Guji mai yawo da tef a aljihu. Malam Sharhabilu ya ɗauki Sabo, wanda ya ce mita uku kusan ƙafa goma ce, ya jera tafin ƙafarsa sau goma daga bakin layi, ya kafa turke. Takalmin Sabo lamba talatin da takwas ne. Nan take aka ci rabin mita ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Sauran rabin, igiyar awo ce ta karkace.

3. Fara gini tukuna

Wanda ya nemi izini a kan fili fetal, shawara yake nema, kuma za a ba shi. Kai ka kai bulo layi biyar. Ranar da ka tarar an shafa wa bangon jan fenti an rubuta a dakata, kada ka ɗauke shi wulaƙanci. Shaida ce hukuma ta san da zamanka.

4. Je ofis da gaisuwa mai tsawo

Tambayi gida, tambayi aiki, tambayi gajiya, ka koma kan gida. Malam Sharhabilu ya tarar da jami'ar da ke duba zanen gine-gine, Injiniya Rahinatu, wadda ta bar shi ya gama tsaf sannan ta buɗe fayil.

"Baba, wa ya auna muku wannan?"

"Sabo ne, 'yata."

"Da tef?"

"Da ƙafa. Ai ko a takardar filin, ƙafa hamsin kuka rubuta."

"Baba, waccan ƙafar ba a sa mata takalmi."

Idan aka kai nan, yi dariya tare da ita. Sannan ka tambaya a hankali ko akwai abin da doka ta tanadar wa dattijo mai uzuri. Akwai. Sunansa sassauci, kuma sai an rubuto an nema.

5. Rubuta takardar

Kalmar gareji kada ta fito. Kwamitin da zai duba takardar ba ya tausayin mota. Rubuta cewa filinka ya tsuke ta baya, gwiwarka tana ciwo, likita ya hana ka doguwar tafiya daga mota zuwa ɗaki. Ambaci shekarun da ka yi wa gwamnati aiki, da ƙauyukan da ka shiga da babur a damina. Shafi ɗaya ya isa.

6. Samo sa hannun maƙwabci

Ba a ba da sassauci sai wanda ke fuskantarka ya sa hannu cewa ba a cutar da shi ba. Na Malam Sharhabilu shi ne Alhaji Gwadabe, mai sayar da hatsi, wanda a lokacin ko harsashi bai tona ba. Ya karanta takardar sau biyu.

"Malam, wato idan mutum ya rubuta, ba shi ake yi?"

"Ana dai dubawa, Alhaji."

"Ikon Allah. Bari in ɗauke ta a waya, saboda iyawar rubutun."

Ya sa hannu. Bayan sati uku kwamiti ya amince da mita ɗaya. Bayan wata guda Alhaji Gwadabe ya zo da tasa takardar, ya yi sallama, ya miƙa biro. Wanda ya sa maka hannu ba a karanta tasa a gabansa. Malam Sharhabilu bai karanta ba.

7. Shigar da motar

Wannan ne matakin da ba a kammala gwajinsa ba.

Ranar tarewa, Malam Sharhabilu ya shigo layin ya tarar katangar Alhaji ta matso daidai yadda tasa ta matso, Sabo ɗin ne ya auna, an kuma ƙara dakali a gabanta. Alhajin yana zaune a kai, ya miƙe don taimako.

"Karya kan duka, Malam! Dawo baya. Ƙara kaɗan. Tsaya, tsaya, dakalina!"

Sau goma sha ɗaya aka gwada. Ta gaba, hancin motar ya shiga, gindinta ya tare layi. Ta baya, fitila ɗaya ta tafi.

Washegari Malam Sharhabilu ya kai ƙara ofis. Injiniya Rahinatu ta ciro fayil ɗin Alhaji ta ajiye masa. Takardar Malam Sharhabilu ce kalma da kalma, har ciwon gwiwar, har ƙauyukan da Alhaji bai taɓa takawa ba.

"Wa ya yarda da wannan ɓarna?"

Ta ɗora yatsa a ƙasan shafin. "Baba, wannan sa hannun na waye?"

A halin yanzu motar tana bakin layi a rana. Garejin yana nan da rufinsa da ƙofar ƙarfe. Alhaji Gwadabe ya ce tunda dai fanko ne, ya roƙi arzikin ajiye buhunan masara arba'in a ciki, na ɗan lokaci. An ba shi.

Sanarwa: alƙawarin da aka yi na samun izini ne, kuma an samu. Ba a ce mota za ta shiga ba. Rushewar bango, fashewar fitila ko ɓacin zumunci da maƙwabci duk suna wuyan wanda ya bi matakan. Mai ƙorafi ya rubuto a shafi ɗaya, da sa hannun wanda ke fuskantarsa.